Sharaɗi na Bakwai

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Ni ne Luƙman Mahaman Idrisu, haifaffen unguwar Kilomita Biyar, mai riƙe da digirin farko a harshen Ingilishi da kimiyyar harshe, da sakamako mafi daraja a ajinmu, kuma mafi ƙarancin shekaru cikin malaman Cibiyar Nazarin Harsuna ta Bakin Kogi. Na buɗe wannan kundi da manufa guda: in taskace yadda za a gudanar da jarrabawar ƙwarewa mai zurfi a Ingilishi ga ɗaliban jami'a, wadda ni na tsara mizaninta tun daga bisimilla har zuwa tammat, domin manazartan gobe su sami tubalin da za su ɗora gini a kai.

Bilhasali, ɗalibai tamanin da huɗu suka zauna rubutacciya a watan jiya, arba'in suka haye. Saura ta baka, ranar Asabar mai zuwa. Goma sha biyun farko za su sami gurbin digiri na biyu a Gana, bisa ɗaukar nauyin wata gidauniya ta ƙetare.

Sashen baka shi ne abin alfaharina. An saba a tsayar da ɗalibi ya zazzage hadda kamar aku, a tafa masa. Ni na ce a'a. Ba a gane zurfin harshe a bakin mutum sai gardama ta matse shi. Saboda haka ɗalibai suka yi rajista bibbiyu: su zaro maudu'i daga kwali, ɗaya ya kare, ɗaya ya rusa, minti goma sha biyar. Sharaɗi na huɗu ya ce ɗaya daga cikin biyun ya zo da ƙafarsa ya karɓi takardar shiga, ya sa hannu, kafin azahar ɗin Laraba. Sharaɗi na bakwai ya ce biyun nan ba sa rabuwa. In ɗaya bai halarta ba, ko mene ne uzurinsa, dukansu sun faɗi. Hikimar ita ce kada wani ya yar da abokinsa mai rauni a ranar ƙarshe ya ɗauko gwani. Shugabarmu, Madam Yakoro, ta ce na bakwai ya yi tsauri. Na gabatar mata da hujjoji uku a jere, ta ɗaga hannu ta ce, "To, Malam Luƙman, kai ka karanta." Gidauniya ta buga hatiminta.

Ƙannena biyu suna cikin arba'in ɗin, kuma su suka haɗa kansu. Husna ce ta zo ta ɗaya a rubutacciya, Rilwanu na goma sha tara. Na janye daga duba takardunsu da sauraronsu, a rubuce, tun kafin wani ya tambaye ni.

Da safe ina ɗaura takalmi Rilwanu ya tsaya a kaina.

"Furofesa, ba ka jefo mana takardar nan a jakarka ba? Tsakanin teburinka da na sakatariya taku uku ne."

Na ce, "Sharaɗi na huɗu."

"Kai fa ka rubuta shi. Ba aya ba ce."

"Shi ya sa. Ranar da aka ce Luƙman ya kai wa ƙannensa takarda har gida, ranar mizanin ya rushe."

Ya juya ya gaya wa Husna cikin Sango, harshen gari, wai in aka tsaga ƙirjina ƙamus za a tarar. Suka yi ta dariya. Dariya ba hujja ba ce.

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Ban fita ba. Tun asuba ake jin ƙarar bindigogi daga wajen gada. Shagunan Titin Koudoukou a garƙame suke, 'yan canji sun naɗe teburansu, ko taksi-moto, babur ɗin haya, ɗaya ba ta wuce ba. Ba zan ɓata tawada a kan abin da ba ya cikin hurumin wannan kundi ba.

Talata, bayan la'asar

Sun yi atisaye a tsakar gida. Maudu'in da suka ƙirƙira: gozo, tuwon rogo, ya fi tuwon shinkafa. Husna ta kare gozo da Ingilishi mai tsabta, jimla na bin jimla kamar an jera da zare. Rilwanu yana karya nahawu yana cika gurbin da hannu da ido. Suka naɗa Inna alƙali, ita da ba ta jin ko kalma ɗaya. Ta ce Rilwanu ya ci.

Husna ta ce, "Inna, da wane dalili?"

"Shi dai na ga alamar ya yarda da abin da yake faɗa. Ke kamar rediyo."

A ra'ayina na masani, Husna za ta ja shi su haye tare.

Laraba, 9 ga Oktoba, ƙarfe tara da kwata na safe

An yi shiru tun jiya da magariba. Wasu shaguna sun buɗe ƙofa ɗaya. Layin waya ya ɗauke, sai an hau rufin benen Kawu Ɗantala, yayan Inna, ake samu. Husna ta ce in hau in kira Madam ko za a ƙara wa'adin takardar. Na ce ban ga hikimar mai doka ya zama farkon mai roƙon sassauci ba, ga shi kuma gari ya lafa. Ina da katunan maudu'i ashirin da zan kammala.

Rilwanu ya ce shi zai je. Ya cire hularsa ya sa a aljihu, kamar yadda muke yi duk in za mu tsallaka cikin gari, don kada a gane mu Musulmi ne. A bakin ƙofa ya ce, "Furofesa, me zan kawo maka tsaraba daga daularka?"

Na ce ya tabbata ya sa hannu a layin da ya dace.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Tafiyar minti ashirin ce.

Laraba, bayan la'asar

An sake farawa, wannan karon ta wajen unguwar Miskine. Na hau rufin Kawu. Wayar Rilwanu tana shiga, ba a ɗauka.

Laraba, magariba

Inna ta rufe masa abincinsa da faifai.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Kawu Ɗantala da mutum uku suka kawo shi da hantsi, a bayan motar ɗaukar albasa. Liman ya ce hanyar maƙabarta ta buɗe, ba wanda ya san na awa nawa, a yi abin da ya wajaba yanzu. Kafin azahar mun dawo.

Takardar shiga tana aljihunsa, a ninke cikin hular. Ya je, ya karɓa, ya sa hannu. A hanyar dawowa ne.

Husna ta karɓe ta. Kusurwa ɗaya ta sauya launi. Ban tambaya ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Layi ya dawo. Saƙonni suka shigo a jere. Ɗaya daga Madam Yakoro ne zuwa ga dukkan malamai: saboda halin da ake ciki, an ɗage ta baka zuwa 26 ga wata, an kuma dakatar da sharaɗi na huɗu, kada wani ɗalibi ya fito don takarda.

An aiko shi ranar Laraba, ƙarfe takwas da minti goma na safe.

Benen Kawu matakala goma sha bakwai ne. Na ƙirga yau.

Asabar, 12 ga Oktoba, hantsi

Tabarmi har bakin titi. Mutane suna shigowa suna faɗin abin da ake faɗa, ina amsa abin da ake amsawa.

Lahadi, 13 ga Oktoba

An yi ruwa.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Madam ta kira. Ta fara da Faransanci, muryarta ta karye, ta koma Sango. Ta ce sakatariya ba ta daina kuka ba. Wai ta ba Rilwanu takardar ne don ta ga ya riga ya zo. Na ce sakatariya ba ta da laifi.

Sannan na tambayi abin da na kira kaina malami don in iya tambaya: matsayin Husna.

Ta ce, "Ɗana, ka fi ni sanin na bakwai. Na huɗu namu ne na cikin gida, na iya ɗage shi. Na bakwai yana cikin yarjejeniyar da gidauniya ta sa wa hannu."

Na ce, "A haɗa ta da wani."

"Duk sauran a haɗe suke. Kuma ka rubuta ba a sauya aboki."

"Ni in zauna mata."

"Kai ka rubuta maudu'an, kuma yayanta ne kai."

Duk ƙofar da na taɓa, sai in tarar ni na sa mata sakata. Ta ce ta riga ta rubuta wa mutanen gidauniya. Amsarsu ita ce za su duba uzuri ɗaya tak: in an kawo takardar hukuma mai tabbatar da abin da ya faru, da hatimi. Jerin sunayen goma sha biyun zai tafi ranar 31.

Laraba, 16 ga Oktoba, azahar

Na je ofishin da ke ba da irin wannan takarda. Ma'aikacin mutumin kirki ne, ya ba ni kujera. Ya ce sai da takardar likitan da ya duba shi. Na je wurin likitan unguwa. Ya cire tabarau ya ce, "Malam Luƙman, na san yaron, ni na yi masa allurar ƙyanda. Amma ba a kawo mini shi ba. Ba zan sa hannu a kan abin da idona bai gani ba."

Na buɗe baki in yi masa jawabi a kan bambancin harafin doka da ruhinta. Na rufe.

Mutum fiye da ɗari suka tsaya a sahu ranar Alhamis. Ba ɗaya cikinmu da ya tuna da takarda. Mu a nan ƙasa muke gaggawar ba wa haƙƙinta.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Kwana bakwai. Husna ba ta furta kalmar Ingilishi ko ɗaya ba tun ranar. Hausa ma kaɗan. In ta yi magana da Sango take yi, kuma da Inna.

Asabar, 19 ga Oktoba, bayan la'asar

Kawu Ɗantala ya zo da shawara. Ya ce akwai wani a bayan kasuwa mai hatimai iri-iri, cikin yini ɗaya zai fitar da takardar likita, daga nan sauran mai sauƙi ne.

"Takardar ƙarya a kan maganar gaskiya, ɗan nan, ina laifin? Ba cewa za mu yi mai rai ba ya nan ba."

Makonni biyu da suka wuce da na yi masa lacca. Yau na ce, "Yaushe zai iya?"

Kawu ya ce abu ɗaya ne: mutumin ba ya rubuta irin wannan dalilin, yana tsoron a biyo sawu. Zazzaɓin cizon sauro yake rubuta wa kowa.

Inna tana bakin madafa, ba mu san tana ji ba. Ba ta kiran sunana, ni ɗan fari ne. Ta ce, "Babba."

Na ce, "Na'am, Inna."

"Zazzaɓi?"

Kawu ya ce, "Hureira, takarda ce kawai, don yarinyar nan."

"Yaya, ni na wanke rigar."

Kawu ya sa takalmansa.

Lahadi, 20 ga Oktoba

An yi ruwa. Babu abin da ya shafi jarrabawa.

Litinin, 21 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Na tarar da Husna a ɗakin Rilwanu tana jera littattafansa cikin kwali. Na tsaya a ƙofa na fara yi mata bayanin matakan da nake ɗauka, na farko, na biyu, na uku. Ta bar ni na kai ƙarshe.

Ta ce, "Yaya."

"Na'am."

"Takarda ɗaya ce. Ba ta kai nauyin biro ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ci gaba da jera littattafan. Ina da kalmomi a harsuna huɗu. Na tsaya a wurin har ta gama kwalin.

Laraba, 23 ga Oktoba, la'asar

Inna ta aika a kira mu mu biyu. Ta ce wa Husna, "Ranar Asabar za ki je."

"Inna, da wa zan yi gardamar?"

"Ban sani ba. Ni ban san abinku ba. Abin da na sani, ya je ya karɓo miki, yana aljihunsa. Ba za ta ruɓe a ƙarƙashin matashinki ba."

Husna ta ce ba za su bar ta ta shiga ba. Inna ta dube ni ta ce, "Wannan kuma na mai dokar ne."

Na hau rufin Kawu, ko da yake yanzu layi yana kamawa a ƙasa. Na roƙi Madam. Ban kawo hujja ko ɗaya ba, roƙo kawai. Ta ce abin da za ta iya shi ne: Husna ta shiga a ƙarshe, a naɗi muryarta, a rufe faifan ba tare da maki ba, har gidauniya ta yanke. Ba alƙawari.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Husna ta goge rigarta. Ba ta yi atisaye ba.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Ni da Husna mun tsallaka da hantsi, taksi-moto biyu. Hanya lafiya lau, mata suna sayar da ayaba a daidai wurin da Rilwanu ya faɗi. Na san wurin, Kawu ya nuna mini. Ban nuna mata ba. Ina jin ta sani.

Ƙungiya goma sha tara suka shiga suka fito. Tsarin ya yi aiki yadda na zana shi, dole in rubuta wannan, tunda don shi na buɗe kundin. Masu hadda sun tsaya cik a minti na uku. Masu harshe sun fito fili.

Husna ta shiga ƙarfe biyu da rabi. Ta ajiye takardar a kan tebur, malamai biyun da ke sauraro suka dube ta, ba wanda ya taɓa. Ni ina baranda, a bakin taga, inda ba ni da hurumin tsayawa. Ba wanda ya kore ni.

Kujeru biyu ne suna fuskantar juna. Ɗaya daga cikin malaman ya tashi zai janye ɗayar. Ta ce da Ingilishi a bar ta. Kalmarta ta Ingilishi ta farko ke nan cikin kwana goma sha bakwai.

Ta zaro kati. Na san shi, ni na rubuta shi ranar Laraba da safe: wajibi ne mai ilimi ya dawo ya zauna a garin da aka haife shi. Aka ce ta zaɓi ɓangare. Ta zaɓi karewa.

Bisa tsarina, mai karewa ya yi minti biyu, mai rusawa ya yi minti biyu, haka har lokaci ya cika. Ta yi nata minti biyun. Ban taɓa jin ɗalibi ya gina jimla haka ba, kuma ba don ƙanwata ba ce. Sannan ta yi shiru, ta dubi kujerar.

Malamin ya ce tana iya ci gaba. Ta ce ba lokacinta ba ne.

Minti biyu cur. Ana jin fanka. Mai riƙe da agogo ta kai hannu za ta tsayar, ta fasa.

Da suka cika, Husna ta ce, "Abokin gardamata zai ce," ta kawo abin da zai ce, irin hujjarsa, ta gefe, mai sa mutum dariya kafin ya gane an kayar da shi: wai garin da ke son mai ilimi ya dawo, ya fara tanadar masa hanyar dawowa. Sannan ta rusa shi, a hankali, da ladabi, kamar yadda take yi masa a tsakar gida.

Sau uku ta bar masa lokacinsa. A na ukun ba ta ce zai ce komai ba. Ta jira kawai, ta rufe da nata.

Madam Yakoro ta sa faifan a ambulan, ta manne, ta sa hannu a kan mannen. Takardar maki babu komai a kanta.

Da muka shiga gida Inna ta ce wa Husna, "An yi?" Ta ce, "An yi."

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Na rubuta wannan sau biyar. Na kwafe ta ƙarshe a nan kafin in kai da hannuna.

Zuwa ga Kwamitin Gidauniya, ta hannun Shugabar Cibiyar Nazarin Harsuna ta Bakin Kogi.

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ni ne Luƙman Mahaman Idrisu, wanda ya tsara jarrabawar da kuka amince da ita, kuma marubucin sharaɗi na bakwai.

Kun nemi takardar hukuma game da ɗalibi mai lamba talatin da ɗaya, Rilwanu Mahaman Idrisu. Babu ita, kuma ba za a samu ba kafin ranar 31. An ba ni hanyar samo ta ƙarya, na so in karɓa, mahaifiyarsa ta hana. Abin da nake da shi shi ne wannan: Rilwanu ya rasu. An harbe shi ranar Laraba, 9 ga Oktoba, a hanyarsa ta dawowa daga karɓar takardar shiga jarrabawarku. Sa hannunsa yana cikin rajistar sakatariya, layi na goma sha shida. Mun binne shi washegari kafin azahar, kamar yadda addininmu ya umarta da kuma yadda hanya ta ba da dama. Na haɗa da sunaye da sa hannun mutum arba'in da biyu da suka yi masa salla, har da liman. Rilwanu ya roƙe ni in kawo masa takardar gida, na ƙi. Ni ƙanina ba zai dawo mini ba ko me kuka yanke, don haka ba don kaina nake rubutu ba.

Na rubuta sharaɗi na bakwai don in hana ɗalibi yar da abokinsa. Husna Mahaman Idrisu ba ta yar da nata ba. Faifan yana hannun Shugaba a manne. Ku saurara, za ku ji inda ta bar masa lokacinsa. Ba na neman a ba ta gurbi. Ina neman a buɗe ambulan, a ba ta makin da bakinta ya ci, ko nawa ne, a sa ta a inda ya kai ta. In kuna ganin dole wani ya ɗauki hukuncin wannan sharaɗi, wanda ya rubuta shi yana nan, kuma takardar ajiye aikina tana haɗe da wannan wasiƙa, ba kwanan wata a kanta, ku sa da kanku.

Jerin sunaye zai tafi ranar Alhamis. Ina buƙatar amsarku a rubuce, da sa hannu, e ko a'a, kafin azahar ɗin Laraba, 30 ga Oktoba. Kada ku aiko ta waya. Zan zo da ƙafata in karɓa.